Richard Asher: Likitan da ya nuna ba kowane gigi ba ne na tsufa

A watan Satumban 1949, mujallar likitocin Birtaniya, British Medical Journal, ta buga maƙalar wani likita ɗan shekara 37 da ke aiki a wani asibiti a arewa maso yammacin Landan. Maƙalar ta kawo bayanin marasa lafiya 14 da aka kai ɗakin da ake ajiye mutanen da ake zaton sun samu taɓin hankali. Wasunsu sun rikice ba su san inda suke ba, wasu na jin muryoyin da babu su, wasu kuma sun haƙiƙance ana ƙulla musu makirci. Daga irin wannan ɗaki ake wucewa da mutum gidan mahaukata, inda a wancan zamani da yawa kan shiga su ƙare rayuwarsu a ciki. Likitan ya duba su, ya ce ciwon nasu daga wuya ya taso. Ya ɗora su a kan ƙwayar maganin da aka sarrafa daga wani ɗan nama na wuyan dabbobi, tara daga cikinsu suka dawo hayyacinsu sarai.

Sunan likitan Richard Asher. In ba a cikin likitoci ba, da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunansa a ƙasar Hausa, kuma ko a Ingila an fi sanin 'yarsa Jane Asher, 'yar wasan kwaikwayo. Amma tambayar da ya tayar tana nan a duk gidan da Allah ya yi wa wani tsawon rai: idan tsohuwa ta fara mantuwa, ta daina hira, ta koma zargin mutanen gida, tsufa ne ya zo da gardama, ko kuwa cuta ce mai magani?

Ɗan limamin coci a ɗakin masu taɓin hankali

An haifi Richard Alan John Asher ranar 3 ga Afrilun 1912 a Brighton, wani garin bakin teku a kudancin Ingila. Mahaifinsa, Felix Asher, limamin coci ne. Ya yi sakandare a Lancing College, sannan ya karanta likitanci a London Hospital da ke unguwar talakawa ta gabashin Landan, ya kammala a 1934. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya auri Margaret Eliot, kuma a shekarar aka ba shi muƙamin likita a Central Middlesex Hospital, inda ya yi kusan duk aikin da aka san shi da shi.

Asibitin ba ya cikin manyan asibitocin koyarwa masu tsohon suna. Asalinsa wurin jinyar marasa galihu ne. A cikinsa akwai wani ɗaki na musamman da dokar Ingila ta lokacin ta tanada: duk wanda aka ga alamar hankalinsa ya gushe, a kawo shi nan a sa masa ido na 'yan kwanaki kafin a yanke hukuncin sallamarsa ko tura shi gidan mahaukata. Asher aka damƙa wa wannan ɗaki, alhali shi ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Likitan jiki ne, mai sha'awar cututtukan jini da na sinadaran da jiki ke sarrafawa da kansa.

Wannan shi ne ya zama sa'ar marasa lafiyarsa. Wanda aka kawo yana sambatu, Asher zai saurari sambatun, amma kuma zai kama hannunsa ya ƙirga bugun jini, ya taɓa fata, ya dubi harshe da gashin gira, ya lura da yadda murya ke fita. Horon da ya samu ya koya masa cewa ƙwaƙwalwa gaɓa ce a cikin jiki, jinin da ke zagaya hanta da ƙoda shi ne yake zagaya ta.

Tun kafin maganar wuya, ya riga ya fara taka sawun manya. A Disambar 1947 ya buga wata gajeriyar maƙala kan haɗarin da ke cikin kwanciya a gado. A lokacin, gado shi ne maganin farko na kusan kowace cuta. Wanda ya samu bugun zuciya sai a kwantar da shi wajen mako shida, mai jego ma ta yi kwanaki ba ta sauko ba. Asher ya bi jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa yana nuna ɓarnar doguwar kwanciya: majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gyambo ya ɓulla a baya, tsoka ta zube, ƙashi ya yi rauni, fitsari da bayan gida su riƙe, daga ƙarshe zuciyar mutum ta mutu ya daina sha'awar tashi. Ba shi kaɗai ne ke wannan kira ba. Wata likita mai suna Marjory Warren ta riga ta fara tayar da tsofaffin da aka yi watsi da su a gadajen West Middlesex Hospital tun 1935. Sai dai Asher ya iya rubutu, maƙalarsa ta zaga duniya. Duk wanda ya taɓa ganin an shimfiɗa wa tsoho tabarma a ƙuryar ɗaki an hana shi ko fitowa zaure, da sunan tausayi, ya san maganar ba ta tsufa ba har yau.

Ɗan naman da ke wuya

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tairoid. Nauyinsa bai wuce giram 20 ko kusa da haka ba. Shi ne wanda idan ya kumbura Hausawa ke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinsa shi ne ya tsamo sinadarin aidin daga abincin da aka ci, ya haɗa wani sinadari mai suna tairoksin ya zuba a jini. Tairoksin ne ke daidaita saurin da jiki ke aiki da shi: ɗumin jiki, bugun zuciya, motsin hanji, har da saurin tunani. Idan ya yi yawa, komai ya riƙa gudu. Idan ya yi ƙaranci, komai ya yi sanyi kamar murhun da itacensa ya kusa cinyewa.

Ba Asher ne ya gano wannan ba, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. A 1873 William Gull ya yi bayanin wasu mata biyar da jikinsu ya kumbura, maganarsu da tunaninsu suka yi nauyi. Bayan 'yan shekaru William Ord ya raɗa wa cutar suna miksidima, saboda irin kumburin da take sa fata. A Suwizalan kuma, inda maƙoƙo ya yi katutu a ƙauyukan kan duwatsu, likitan tiyata Theodor Kocher ya sanar a 1883 cewa mutanen da ya cire wa tairoid gaba ɗaya sun koma masu kasala da jin sanyi da duhun kai. Shi ne daga baya ya samu kyautar Nobel a 1909. A 1888 wani kwamitin likitocin Landan da Ord ya jagoranta ya fitar da rahoto kan marasa lafiya 109, ya nuna cewa kusan rabinsu sun samu ruɗewar hankali da gane-gane, musamman waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu.

Magani ya zo a 1891 daga Newcastle. Wani matashin likita, George Murray, ya tatso ruwan tairoid na tunkiya ya yi wa wata mata 'yar shekara 46 allurarsa. Matar da ake ganin ta gama yawo ta farfaɗo, ta ci gaba da shan maganin har shekara 28, ta mutu a 1919 tana da shekara 74. Murray ya yi lissafin cewa a tsawon wannan lokaci ta shanye abin da aka tatso daga wuyan tumaki fiye da 870. A 1914 Edward Kendall ya ware tairoksin zalla a Amurka, a 1927 kuma Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin gwaji a Birtaniya.

Ke nan lokacin da Asher ya ɗauki alƙalami, an fi shekara 60 da sanin cewa cutar na taɓa hankali, an kusa shekara 60 da samun maganinta. Har marubuci A. J. Cronin, wanda shi ma likita ne, ya saka irin wannan labari a littafinsa The Citadel na 1937, inda wani sabon likita ya ceci wani mahaƙin kwal da ake shirin kai wa gidan mahaukata. Duk da haka mutane na ta wucewa ta hannun likitoci ba a gane su. Ilimin yana nan a rubuce, an dai daina tunawa da shi a bakin gadon mara lafiya. Abin da Asher ya yi shi ne ya tono shi, ya haɗa shi da hujjar mutum 14 daga ɗaki guda, ya kuma laƙaba masa sunan da ba ya mantuwa, wato haukan miksidima.

Ya nuna cewa wannan hauka ba shi da kama ɗaya. Wani ya zo da rikicewa, wani da zargi, wani da baƙin ciki, don haka ba daga irin sambatun ake gane shi ba, sai daga jiki. A zamaninsa babu gwajin jinin da ake yi yau. Abin da ake da shi shi ne auna yawan iskar da jiki ke ƙonawa idan mutum na kwance, gwajin da ke da wuyar yi ga wanda ya rikice, sai kuma auna kitsen jini. Saboda haka Asher ya dogara da ido da kunne, da kuma kyamara. Yakan ɗauki hoton mara lafiya kafin magani da bayan magani, bambancin fuskokin biyu ya zama shaida. Bai ɓoye waɗanda ba su warke ba: cikin sauran biyar ɗin wasu sauƙi kawai suka samu, wasu kuma sun mutu.

Dalilin da ya sa ake ɗaukar ta tsufa

Cutar ta fi kama mata, kuma ta fi yawa bayan an wuce tsakiyar rayuwa. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwo mai tayar da hankalin gida. A hankali take shiga, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Mutum ya riƙa jin sanyi da gajiya da yawan barci. Fata ta bushe, gashi ya kakkarye, gefen gira ya zube, fuska da fatar ido su kumbura. Murya ta dishe ta yi kauri, ji ya ragu, bayan gida ya yi wuya, bugun zuciya ya yi jinkiri. A tambayi mutum abu, sai ya daɗe kafin ya amsa. Duk wanda ya karanta waɗannan alamomi zai ga ai hoton tsufa ne kamar yadda kowa ya san shi. A nan gizo ke saƙar. 'Yar shekara 30 da ta koma haka, za a ce lafiya kuwa? 'Yar shekara 75 kuwa sai a ce ai shekaru ne.

Waɗanda ke kwana su tashi da ita su ne na ƙarshe da za su lura, domin idon da ke ganin fuska kullum ba ya ganin canjinta. Sau da yawa ɗan da ya dawo daga doguwar tafiya ne zai tsaya ya ce wannan ba fuskar da ya bari ba ce. Dabarar hoto ta Asher tana da sauƙin aro a nan: hoton katin zaɓe ko na fasfon aikin Hajji na shekara biyar da ta wuce, a ajiye shi kusa da fuskar yau.

A ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir, ko unguwannin Kumbotso da ke bakin birnin Kano. A irin waɗannan wurare aiki ba ya yankewa rani da damina, masu ƙarfi suna gona ko kasuwa ko masana'anta, tsofaffi na gida da jikoki. Da hunturu kowa na jin sanyi, don haka tsohuwar da ta maƙale a bakin murhu ba ta jan hankalin kowa. Abin lura shi ne idan bazara ta shigo, ana neman inuwa da mafici, ita kuwa tana lulluɓe da bargo. Idan ta fara cewa an sace mata kuɗi ko an sa mata wani abu a tuwo, fassarar da ta fi kusa ita ce gigin tsufa. In ba a ce haka ba a ce iska ce ko sammu, a nufi wajen mai ruƙiyya ko mai magani. Mafi muni shi ne inda sambatun tsohuwa ke jawo mata zargin maita. Wanda abin ya yi wa tsanani a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Duk cikin waɗannan hanyoyi, wuya shi ne wurin da ba kowa ke tunanin dubawa ba, musamman da yake cutar kan zo ba tare da maƙoƙon da ido ke gani ba.

Yau gwajin ya yi sauƙi. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake da ke aika wa tairoid umarni ta hanyar wani sinadari da ake kira TSH. Idan tairoid ya gaza, sai ƙullutun ya ƙara yawan TSH, kamar mai gida da ke ɗaga murya ga yaron da ya ƙi tashi. Saboda haka TSH mai yawa tare da tairoksin mai ƙaranci shi ne tabbacin cutar, kuma ɗan jini kaɗan ake ɗiba a gano. Ana yin gwajin a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A ƙasashe da dama, ƙa'idar likitoci ita ce kafin a ce wa tsoho yana da ciwon mantuwa, sai an auna TSH da bitamin B12 a jininsa. Wannan ƙa'ida na daga cikin gadon da Asher da irinsa suka bari.

Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma hakan ya rage maƙoƙo ƙwarai. Amma gishiri ba ya kare mutum daga kowace irin gazawar tairoid. Wata takan faru ne saboda garkuwar jiki ta juya ta afka wa ɗan naman, cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya fara bayaninta a 1912, shekarar da aka haifi Asher. Wata kuma takan biyo bayan tiyatar maƙoƙo. Wanda aka cire wa tairoid duka, zai sha ƙwayar tairoksin har ƙarshen rayuwarsa. Idan ya ga wuya ya warke ya ajiye magani, a hankali zai koma irin marasa lafiyar Kocher na 1883.

Iyakar darasin

Darasi mai daɗi irin wannan yana da haɗarin a wuce gona da iri. Bayan gwajin TSH ya yaɗu, sai aka riƙa samun tsofaffi da yawa da TSH ɗinsu ya ɗan haura alhali tairoksin ɗinsu daidai yake. Likitoci da dama suka ga ai ƙaramar miksidima ce, suka riƙa rubuta musu magani da fatan kaifin tunani zai dawo.

Bincike bai goyi bayan wannan fata ba. A birnin Leiden na ƙasar Holan, masana sun bibiyi mutum 599 da dukkansu ke da shekara 85, suka buga sakamakon a 2004. Ba su ga alaƙa tsakanin matakin sinadaran tairoid da raguwar tunani ko baƙin ciki ko gazawar hidimar kai ba. Abin da ya fi ba da mamaki, waɗanda TSH ɗinsu ya haura sun fi sauran tsawon rai. A 2017 wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai kan mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama, masu irin wannan 'yar haurawar, ya nuna cewa waɗanda aka ba tairoksin ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar bogi samun sauƙin gajiya ko sauran alamomi ba. A 2019 aka duba mutum 251 masu shekara 80 zuwa sama, amsar ba ta canja ba. Fahimtar da ta fi rinjaye yanzu ita ce TSH na ɗan haurawa da kansa yayin da shekaru ke ja, don haka ma'aunin ɗan shekara 30 ba lallai ya dace da ɗan shekara 85 ba.

Wannan bai rushe aikin Asher ba, domin marasa lafiyarsa masu gazawa ce mai tsanani wadda ta bayyana a fuska da murya, kuma irinsu har gobe magani suke buƙata. Abin da binciken ya yi shi ne ya shata iyaka. Akasarin ciwon mantuwa na tsofaffi daga cutar Alzheimer yake, ko daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da hawan jini da ciwon suga ke jawowa, kuma tairoksin ba ya yi musu komai. Kason tairoid kaɗan ne. Darajarsa ita ce yana cikin 'yan ƙalilan da ake iya juyawa, duk da cewa wanda cutar ta daɗe a jikinsa ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Ƙwayar kuma ba ta saye a kemis ba ce don an ji labari. Tairoksin da ya wuce kima yana hargitsa bugun zuciyar tsoho, yana kuma cinye masa ƙashi. Ko wanda aka tabbatar yana da cutar, da ɗan kaɗan likita ke fara masa, ya riƙa ƙarawa a hankali yana auna jini, saboda zuciyar da ta daɗe tana tafiyar hawainiya ba ta jure a zabure ta. Akwai ma wani juyin: tairoid mai aiki fiye da kima, wanda ke sa matashi rawar jiki da zufa, a jikin tsoho kan zo da shiru da rama da rashin kuzari. Likitan Amurka Frank Lahey ya yi bayanin wannan tun 1931. Tsofaffi biyu za su iya zama a kan tabarma ɗaya da kama ɗaya, ɗaya sinadarin ya yi masa kaɗan, ɗaya ya yi masa yawa. Gwajin jini ne ke raba su.

Zunubai bakwai da gida mai kiɗa

A shekarar da maƙalar miksidima ta fito, Asher ya buga wata a mujallar The Lancet kan abin da ya kira zunubai bakwai na aikin likita. Ya lissafa magana a dunƙule da ba a fahimta, da rashin tausayi, da rashin ladabi, da ƙuntata kai ga fanni guda, da son cututtukan da ba a cika gani ba, da wauta, da lalaci. Biyu daga ciki su ne ainihin labarin marasa lafiyar nan 14: likitan da ba ya ganin komai sai fanninsa, da likitan da ya karɓi sunan cutar da wani ya riga ya rubuta a kati bai sake dubawa ba. Har yau ana karanta wa ɗaliban likitanci wannan maƙala.

A 1951 ya sake raɗa sunan da ya fi na farko shahara. Ya yi bayanin wasu mutum uku da ke yawo daga asibiti zuwa asibiti da cututtukan ƙarya, har suna yarda a yi musu tiyata, ya kira halin da sunan Munchausen, wani basaraken Jamus na ƙarni na 18 da aka sani da shara ƙarya kan tafiye-tafiyensa. Wasu daga baya sun ga sunan ya yi kama da ba'a ga mutanen da ke cikin matsala ta gaske, kuma akwai ƙamshin gaskiya a sukar. Asher mutum ne mai barkwanci, wani lokaci barkwancin kan yi kaifi. A 1958 ya rubuta maƙala yana tambayar abin da ya sa mujallun likitoci ke da gundura, a 1959 kuma ya gabatar da jerin laccoci a Landan kan yadda likita zai yi tunani da magana mai ma'ana. Ra'ayinsa shi ne wanda ya kasa faɗin abu a sauƙaƙe, galibi shi ma bai fahimce shi ba.

Gidansa, lamba 57 a titin Wimpole, unguwar manyan likitoci, ya shiga tarihi ta wata ƙofa dabam. Matarsa Margaret malamar kiɗa ce a makarantar Guildhall, tana koyar da wani abin busa mai kama da algaita, kuma cikin ɗalibanta akwai George Martin, wanda daga baya ya zama mai tsara faya-fayan ƙungiyar The Beatles. 'Ya'yansu uku ne, Peter da Jane da Clare. Peter ya zama mawaƙi, daga baya mai shirya waƙoƙin wasu a Amurka. Lokacin da Jane ke tare da Paul McCartney na The Beatles, McCartney ya zauna a wani ɗaki a saman gidan daga ƙarshen 1963 zuwa wajen 1966, a nan kuma ya tsara wasu daga cikin waƙoƙinsa mafiya shahara. Matasa na cincirindo a ƙofar gida don ganin mawaƙi, mai gidan da ya ceto mutane daga gidan mahaukata yana wucewa ta tsakaninsu ba wanda ya san ko shi wane ne.

A daidai wannan lokaci ne aikinsa ya zo ƙarshe. Tsarin kula da masu taɓin hankali a Ingila ya canja bayan sabuwar dokar 1959, ra'ayi ya karkata ga cewa irin ɗakin da Asher ke riƙe da shi haƙƙin likitocin ƙwaƙwalwa ne. A 1964 hukuma ta yanke shawarar miƙa ɗakin ga likitan ƙwaƙwalwa. Ta fuskar tsari ba za a ce shawarar ba ta da hujja ba, domin fannin ya bunƙasa, sababbin magunguna sun fito. Amma ga mutumin da ya shafe shekara 20 yana nuna cewa raba jiki da hankali gida biyu na jawo asarar rayuka, abin ya zama cin fuska. Ya ajiye muƙaminsa na asibitin, kusan ya bar aikin likita gaba ɗaya, yana da shekara 52.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Lafiyarsa ta taɓarɓare, ya yi fama da ciwon damuwa mai tsanani. Ya mutu a Landan a watan Afrilun 1969 yana da shekara 57, kuma an ruwaito cewa shi ya ɗauki ransa.

A 1972 tsohon abokin aikinsa a Central Middlesex, Francis Avery Jones, ya tattara zaɓaɓɓun maƙalunsa a littafi guda mai suna Richard Asher Talking Sense. Daga baya ƙungiyar marubutan Birtaniya da ƙungiyar likitoci ta Royal Society of Medicine suka sa sunansa a wata kyauta da aka riƙa ba sabon littafin koyar da ɗaliban likitanci da ya fi kyawun rubutu.